Ka ɗura tawada, firinta ta ce babu: danna Stop, riseta, cip mai juya kansa, ko mai tanki?

Duk wanda ya taɓa ɗura wa katirij, wato ɗan akwatin tawadar firinta, tawada da sirinji ya san abin da ke biyo baya. Ka cika, ka goge, ka mayar, ka rufe murfi, firinta ta gama 'yan ƙugi-ƙuginta, sai ta kunna fitila ta ce tawada ta ƙare. Ga tawada har ta rina maka yatsu, ita kuwa ta kafe a kan babu. Daga nan shawarwari ke fara zuwa. Wannan ya ce ka danne maɓalli, wancan ya ce ka nemi riseta, wato na'urar mayar da lissafin tawada farko, wani ya ce cip za ka canza, wani ya ce ka rabu da ita ka sayi firinta mai tankin tawada a jikinta. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma a kan firintar da ya sani, ba lallai irin taka ba.

Mafi yawan firintocin tawada ba sa auna abin da ke cikin katirij, ƙirga suke yi. Firinta ta san girman kowane ɗigo da take fesawa, ta san abin da take zuƙa duk sa'ad da ta wanke kanta, sai ta riƙa ragewa daga adadin da aka rubuta wa katirij ranar da ya fito daga kwali. Kamar mai ɗibar hatsi ne da ke ƙirga kwano amma bai taɓa leƙa rumbu ba. Ko wani ya zo da dare ya juye buhu biyu a ciki, ranar da ƙirgarsa ta cika zai ce rumbu ya ƙare. Wannan lissafi yana zama ko dai a cip, ɗan farantin nan mai idanun tagulla a jikin katirij, ko a ƙwaƙwalwar firinta haɗe da lambar katirij ɗin. Saboda haka duk dabarun da ake tallatawa ɗayan abu uku suke yi: su mayar da lissafin farko, su sa firinta ta daina lissafi, ko su kawo mata baƙon cip da zai ce mata shi sabo ne. Babu wadda ke leƙa cikin katirij ta gaya maka gaskiyar abin da ya saura.

Juya gindin katirij tukuna

Kafin ka saurari kowa, ciro katirij ka duba ƙasansa. In ka ga faranti mai sheƙi da siraran layuka inda tawada ke fita, to kan bugawa a jikin katirij yake. Haka Canon PG-445 da CL-446 suke, na Pixma MG2540S da TS3340, haka PG-510 da CL-511 na tsofaffin MP250, MP280 da iP2700, haka kuma HP 123, 305, 650 da 652 na DeskJet. In kuwa rami kawai ka gani ko ɗan soso, katirij ɗin mazubi ne kurum, kan yana zaune a cikin firinta. Nan ne Epson da Brother suke, da manyan Canon masu katirij biyar ko shida, da HP OfficeJet Pro.

Wannan bambanci ne ke nuna abin da za ka yi asara ranar da tawada ta ƙare ba ka sani ba. HP da Canon da zafi suke aiki. Bayan kowace 'yar ƙofar tawada akwai ɗan ƙarfe da ke ɗaukar zafi har kusan digiri 300 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, tawada ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo waje. Tawadar da ke biyowa ita ke sanyaya shi. In babu ita sai ya ƙone, kuma abin da ya ƙone wanki ba ya dawo da shi. Epson da Brother ba sa dafa tawada. Wani ɗan abu ne ke lanƙwasawa idan wuta ta bi ta cikinsa, ya matso ɗigon. Nasu bai cika ƙonewa ba, sai dai yana zuƙar iska, kuma fitar da iska daga kan Epson yana cin tawada, yana cin haƙuri, wani lokacin har da kuɗin mai gyara.

Ke nan gargaɗin da firinta ke yi ba zalunci ba ne tsagwaronsa. Kamfani yana kare kan bugawa, yana kuma kare cinikin tawadarsa, duka biyun gaskiya ne. Abin lura shi ne, in kan bugawa yana jikin katirij, mafi munin abin da zai same ka shi ne ka rasa katirij guda. In yana cikin firinta, sabon kai kan iya kusantar kuɗin firintar kanta.

Kashe lissafin gaba ɗaya

Wannan ce hanyar da ba ta cin ko kwabo, kuma a ƙananan Canon kamfanin da kansa ya bar ƙofarta a buɗe. Idan firinta ta tsaya ta nuna lamba 1686 ko 1688 a kwamfuta, ko E13 ko E16 a masu ɗan allo, sai ka danne maɓallin Stop, mai alamar kusurwa uku a cikin da'ira, ka riƙe sakan 5 ko fiye. Za ta ci gaba da bugawa. Wannan yana rubuce a littafin firintar, tare da sharaɗin cewa Canon ba ta ɗauki alhakin abin da ya lalace bayan nan ba. Sai gargaɗin yana kan allo dannawar ke aiki, kuma baƙi daban, kala daban, don haka kada ka yi mamaki in ta sake tsayar da kai bayan kwana biyu saboda ɗayan. Daga ranar ba za ta ƙara nuna maka matakin tawadar wannan katirij ba, sai ranar da ka sa sabo.

Ƙananan HP ba su da maɓalli na musamman. Za su ce maka katirij ɗin an taɓa amfani da shi, ko na jabu ne, ko ya ƙare. Ka danna OK ko Continue, aiki ya ci gaba, matakin tawada ya zauna a ƙasa ko ya ɓace. Abin da ya fi cancanta ka nema a saitunan HP shi ne Cartridge Protection. Idan yana kunne, firinta tana ɗaure katirij da kanta, ba zai ƙara aiki a wata firinta ba. Mai sayen fankon katirij a kasuwa don ya ɗura yakan faɗa wannan rami: katirij lafiya lau, amma an riga an ɗaure shi a gidan wani. Kashe saitin ba ya kwance wanda aka ɗaure, yana hana a ɗaure na gaba ne kawai.

Akwai tsohuwar dabarar liƙa salatif a kan wasu idanun tagulla, ko juya katirij uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta yi aiki a zamanin HP 21, 27 da 56, lokacin da firinta ke tuna lambobin 'yan katirij kaɗan na baya-bayan nan, in ka shigo da wasu sai ta manta na farko. Bidiyoyinta suna nan suna yawo har yau, amma kada ka ɓata yammacinka a kanta in DeskJet ɗinka ta kwanan nan ce.

Ga wannan dangi na masu kai a jiki, ra'ayina a fili yake: kashe lissafin, kada ka kashe kuɗi neman wata na'ura. Abin da za ka biya shi ne kulawa, domin daga nan tuƙi kake ba ma'aunin mai. Da zarar rubutu ya fara kodewa ko farin layi ya ratsa shi, ka tsayar da aiki nan take, kada ka ce bari in ƙarasa shafi goman nan. A waɗannan shafuka goman ne kan bugawa ke ƙonewa. Ya fi kyau ma ka ɗura tun bai kai nan ba, domin soson da ya bushe ƙayau ba ya karɓar tawada daidai. Kuma kada ka cika hannu. Sabon PG-445 mililita 8 ne a cikinsa, in ka danna masa 15 sai ya yi ta zuba. Na kala ɗaki uku ne ƙanana a jiki ɗaya, in ɗaya ya malala sai rawaya ta koma kore. Wanda ke da ɗan sikelin nan na lantarki yana da mafita mai sauƙi: auna katirij bayan ka cika, rubuta nauyin a jikin firinta, ka riƙa aunawa jefi-jefi. Mililita ɗaya na tawada kusan giram ɗaya ne. In za ka sayi sabo don ɗurawa, ɗauki XL. PG-445XL mililita 15 yake ɗauka a jiki mai girma ɗaya, ke nan za ka rage yawan huda da ɗura. Ka kuma sa a ranka cewa kan nan an ƙera shi ne don rayuwa ɗaya. Wani yakan jure ɗura da yawa, wani ya mutu da wuri, babu mai iya yi maka alkawari.

Riseta

'Yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, mai 'yan allurai a baki, tana aiki da batir ko igiyar USB. Ka ɗora cip a kan alluran, ka danna na 'yan sakanni, fitila ta canza, cip ya koma cikakke. An yi ta ga Canon masu katirij daban-daban irin PGI-5 da CLI-8, 520 da 521, 525 da 526, 550 da 551, da tsofaffin Epson irin T0481 da T0711.

Inda duk ake samunta, ita na fi so, saboda dalili ɗaya da sauran hanyoyin ba su da shi: kai ne ke zaɓar lokacin. Ka cika katirij, ka mayar da lissafi a zama ɗaya, sai gaskiya da lissafi su tashi tare daga wuri ɗaya. Firinta ta ci gaba da yi maka gargaɗi kamar ranar da take sabuwa. Ga shi katirij na asali ne, sosonsa da hanyar iskarsa sun fi na kwaikwayo, cip ma na asali ne, sabunta manhaja ba ta cika korarsa ba. A Canon irin CLI-8 da CLI-521 akwai ƙarin alheri. A ƙasan katirij akwai ɗan gilashi mai kusurwa uku da firinta ke haska wa haske, in ɗakin tawada ya ƙafe hasken ya dawo mata. Wannan awo ne na gaske, ba ƙirga ba. Wanda ya danne Stop a irin wannan firinta ya yar da wannan kariya, alhali kansa a cikin firinta yake kuma da zafi yake aiki. Lambar matsala ta B200 da masu Canon ke tsoro sau da yawa daga kan da ya sha zafi take fitowa. A nan riseta ba ado ba ce.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Kowane dangin katirij da risetarsa, ta 521 ba ta taɓa 551. Sababbin cip suna zuwa a kulle, risetarsu kan makara ko ta ƙi fitowa sam. Masu sayar da ta Epson suna gargaɗin a mayar da lissafi tun bai kai sifili ba, domin cip da ya riga ya rubuta ya ƙare yakan ƙi komawa. Katirij na asali na Epson ma kansa yana da wuyar ɗura, cike yake da ɗakuna da bawul. Sai babban haɗarin: ka ɗura rabi, ka gaya wa cip cikakke ne. Yanzu lissafin ƙarya yake yi ta ɓangaren da ke kashe kan bugawa.

Cip mai juya kansa

Wannan shi ne saitin fararen katirij da ake ganin cikinsu, kowanne da toshi biyu, na ɗura da na iska, da cip da 'yan kasuwa ke kira ARC. Firinta tana ƙirgawa yadda ta saba har ta kai ƙarshe, ta ce ka canza katirij ko ta ce ba ta gane shi ba. Ka ciro, ka cika, ka mayar, ya nuna cikakke. Ga Epson masu katirij, wannan ce hanyar da ta fi yaɗuwa, kuma ɗurarsa ta fi ta kowanne sauƙi, babu huda babu soso.

Sai dai cip ɗin lokacinsa yake bi, ba naka ba. In ka cika alhali yana nuna rabi, rabi zai ci gaba da nunawa. In cikin katirij bai kai abin da cip ke ƙirgawa ba, tawada za ta ƙare allo yana nuna saura. Maganin shi ne ka daina yarda da allo: duk ranar da kala ɗaya ta nemi canji, cika dukkansu, kuma ka riƙa ɗaga murfi kana dubawa da ido. Kuskuren da ya fi kowanne yawa a nan ba na cip ba ne ma, mantawa ne da cire toshin iska. Firinta ta buga shafi biyu ta ɗauke, mutum ya yi ta wanke kai a banza.

Babban abokin gabar wannan hanya shi ne sabunta manhajar cikin firinta. A watan Satumba na 2016 masu HP OfficeJet da OfficeJet Pro da yawa sun wayi gari firintocinsu sun ƙi katirij masu cip ɗin da ba na HP ba, ta hanyar tsarin da kamfanin ke kira Dynamic Security. Da surutu ya yi yawa HP ta ba da haƙuri kan rashin bayani, ta fitar da gyara ga waɗancan firintoci, amma tsarin bai mutu ba, yana cikin na bayansu. A Disamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10 kan rashin sanar da masu saye yadda ya kamata. Abin da HP ke faɗa shi ne tsarin ba ya hana katirij da aka sake ɗurawa matuƙar cip na asali ne a jikinsa, baƙon cip yake kora. Mai OfficeJet Pro 7740, wadda ake so saboda takardar A3, da ya sa saitin 953 na kwaikwayo, ya kamata ya san cewa sabuntawa ɗaya ta isa ta mayar da saitin nan kwandon shara. Epson ma sabuntawarta kan kori baƙon cip. Don haka in wannan hanya ka zaɓa, ka shiga saituna ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye tun ranar farko, a firinta da kuma a kwamfuta. Firintar da ke kan Wi-Fi tana iya ɗauko ta da kanta kana barci. Kuma lokacin sayen saitin, ba lambar katirij kawai za ka faɗa wa mai shago ba, har da lambar manhajar da ke cikin firintarka.

Dangin wannan hanya su ne tankin waje da ake haɗawa da siraran tiyo, wanda ake kira CISS. Cip ɗinsa a haɗe yake, sau da yawa da ɗan maɓallin mayar da lissafi. Masu hoto sun ci moriyarsa a zamanin Epson T50 da P50. Amma dole tankin ya zauna daidai da firinta a tebur ɗaya, in ka ɗaga shi tawada ta malale ciki, in ka saukar ta koma baya, tiyo kuma yana maƙalewa. Yau da ake sayar da mai tanki daga masana'anta, ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayi sabuwar firinta don ya yi mata wannan tiyata ba. Akwai kuma cip na amfani sau ɗaya da ake liƙawa duk ɗura, da manhajar da ake sa wa wasu Epson su daina neman cip kwata-kwata. Na farko kuɗi ne da ba ya yankewa, na biyu yana nuna cikakke har abada, wato ka koma tuƙi ba ma'auni a kan firintar da kanta ke da tsada.

Fita daga rigimar: mai tanki

Epson ta fara fitar da L100 da L200 a Indonesiya a 2010, kasuwar da mutane suka riga suka saba haɗa wa firinta tanki da kansu. Canon ta biyo da jerin Pixma G a 2015, HP ta zo da DeskJet GT a 2016. A nan babu cip a kan tawada, tagar tanki ce ma'auninka, da layin sama da layin ƙasa.

Lambobin kamfanonin da kansu sun isa bayani. HP 123 baƙi shafi 120 aka rubuta masa, PG-445 shafi 180. Kwalbar Epson 103 ta L3110, L3210 da L3250 mililita 65 ce, baƙar an rubuta mata shafi 4,500, kaloli ukun tare 7,500. Baƙar Canon GI-490 ta G2411 da G3411 mililita 135 ce, shafi 6,000. Waɗannan shafukan gwaji ne marasa nauyin tawada, mai buga hoto cikakke ba zai ga ko kusa da haka ba, amma tazarar tana nan. Shagon da ke buga fasfo, takardar JAMB, katin gayyata da furojet ɗin ɗalibai, in har yanzu sirinji yake bi, lokacin da yake ɓatawa da takardun da yake lalatawa sun isa su biya bambancin kuɗin. Ƙari kuma, irin waɗannan ba su kai wat 20 ba suna aiki, ƙaramar inbata ko sola tana ɗaukarsu, saɓanin firintar laser mai hoda da ke jan ɗaruruwan wat in tana ɗumama.

Masu tanki ma wasunsu suna ƙirga. Epson L800 da 'yan zamaninta sai ka shigar da lamba mai harafi 13 daga jikin kwalba. Na bayansu maɓalli ne ko wani layi a saitunan gyara, Canon G kuma tana da wurin mayar da ƙirgar tawada a manhajarta ta kwamfuta, har da damar kashe sanarwar. Ƙa'idar ɗaya ce: sai ka cika har layin sama sannan ka mayar.

Tsakanin kamfanonin ukun akwai zaɓi na gaske. Baƙar Epson 103 rini ce, ruwa na taɓa ta ta baje, amma tana kyau a takardar hoto. Baƙar Canon GI-490 da ta HP GT53 mai ƙwayar launi ce, rubutunta ya fi kaifi a takarda ta yau da kullum kuma ya fi jure danshi. Mai buga takardun da za a riƙe a aljihu cikin damina ya duba wannan. Kan Canon G2411 da na HP ana cire su a canza da hannu, amma masu zafi ne, suna gajiya. Na Epson ya fi daɗewa, in ya mutu kuwa sai mai gyara. Wanda hoto ne abincinsa, masu kala shida irin L805 da L8050 ne nasa. Dukkansu ba sa son zama. A lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙura ta cika ko'ina, firintar da aka bari mako biyu ba bugu takan tashi da toshewa. Buga ɗan shafi mai kala duk bayan 'yan kwanaki, rufe ta da ƙyalle, kuma kashe ta da maɓallinta ba daga soket ba, don kai ya koma mazauninsa ya rufu. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da wuta ta dawo ka kunna ta ta mayar da kan, kada ya kwana a buɗe.

Wani riset ɗin daban ne

Ana yawan haɗa abu biyu. Idan Epson ta ce sosonta ya kai ƙarshen rayuwarsa, fitilu suna ƙiftawa bi da bi, ko Canon ta nuna 5B00, ba maganar tawadar bugawa ake ba. A ƙasan firinta akwai soso da ke shanye tawadar da ake zubarwa wajen wanke kai, shi ma ƙirga ake yi masa. Mai gyara zai haɗa ta da kwamfuta ya mayar da lambar sifili cikin minti biyar, amma soson yana nan jiƙe. Sau ɗaya mai yiwuwa ka tsira, in aka maimaita ba a canza shi ba ko ba a fitar da tiyon zuwa gora a waje ba, wata rana za ka tarar da baƙin ruwa a tebur, ko a kan allon lantarkinta. Manhajojin da ake saukewa kyauta don wannan aiki kuma sukan zo da cutar kwamfuta, kada a sa su a kwamfutar da ke ɗauke da takardun kwastomomi. Sababbi sun sauƙaƙa: Canon G2420 da G3420 suna da akwatin MC-G02 da kake zarewa ka sa sabo da kanka. In kana tsakanin firinta biyu masu kuɗi kusan ɗaya, wannan akwati ya isa ya raba gardama. Duk hanyar da ke sa ka yawan wanke kai, irin katirij mai shan iska ko tawada mai arha, tana gaggauta cikar soson nan.

To wa zai ɗauki wanne?

Ɗalibi ko magidanci mai ƙaramar Canon ko DeskJet da ke buga 'yan shafuka a mako: danna Stop ko OK, sayi XL guda, nemi tawada mai kyau, ka riƙa ɗura da wuri. Mai tanki ba lallai ta amfane ka ba, zama zai toshe ta kafin ka sha rabin kwalba. Mai Canon mai katirij biyar ko shida: nemi riseta, kada ka kashe lissafin. Mai Epson ko OfficeJet Pro mai katirij da har yanzu take bugawa lafiya: saitin cip mai juya kansa zai ja maka rayuwarta, in ka toshe sabuntawa ka kuma amince da idonka fiye da allo, amma kada ka sayi sabuwa da niyyar haka. Mai shago kuwa, ko makaranta, ko ofis, ya tara kuɗin mai tanki.

Wanda zai sayi ta hannu da aka shigo da ita daga waje yana da ƙarin abin dubawa, domin katirij yanki-yanki ne. Wanda ake kira PG-445 a Afirka da Gabas ta Tsakiya, PG-545 ne a Yammacin Turai, PG-245 a Amurka. HP 123 ɗinmu shi ne 302 a Turai, 63 a Amurka. Jikinsu iri ɗaya, suna shiga ramin daidai, firinta ta ƙi su. Wadda ta zo daga Faransa zuwa Yamai ko daga Ingila zuwa Kano za ta nemi lambar can, kuma ba riseta ko maɓallin da zai sauya wannan. HP da lambarta ta ƙare da harafin e, kamar 2710e, in mai ita na farko ya kunna mata HP+, sai tawadar HP ta asali kawai kuma sai tana kan intanet. Katirij da aka rubuta wa Instant Ink na haya ne, yana daina aiki da an daina biyan kuɗin wata, ko da cike yake. Kafin ka miƙa kuɗi, sa mai shago ya buɗe murfi ka karanta lambar katirij da idonka, ka tambayi shago biyu ko suna da ita, sannan a buga maka shafin gwajin layuka a gabanka, ka duba kowace kala ta fito ba gibi.